Buɗaɗɗiyar Manhaja da Makomar Bayanan Bincike a Fannin Kimiyyar Harshe

Gabatarwa

Duk kundin digiri da aka kare a fannin kimiyyar harshe yana tsaye ne a kan wasu kayayyaki da ba sa shiga cikin bangonsa. Akwai muryoyin da ɗalibi ya naɗo a ƙauye ko a kasuwa, akwai rubutun da ya kwashe makonni yana yi yana sauraren muryoyin nan, akwai jerin kalmomi da takardun tambayoyi, da ɗan littafin da ya riƙa rubuta wa ya faɗi me, a ina, kuma yaushe. Ranar kare kundi, bugaggen aikin ne kaɗai ke isa gaban malamai. Sauran kayan suna nan cikin kwamfutar ɗalibin ko cikin wayarsa, kuma a nan da yawansu ke ƙarewa: kwamfuta ta mutu, ko a sace waya, ko mai su ya sami aiki a wani gari ya manta inda ya ajiye su. Bayan shekara uku wani ɗalibin zai ɗauki jigo makamancin wannan, ya koma ƙauyen, ya tarar tsohuwar da ta fi kowa iya tatsuniya Allah ya yi mata rasuwa.

Tun a 1998 Nikolaus Himmelmann ya ja hankalin masana cewa tattara bayanan harshe da adana su aiki ne mai cin gashin kansa, daban da rubuta nahawu ko ƙamus, domin nazari yana tsufa a sake shi, amma muryar da aka rasa ba ta dawowa. Wannan maƙala za ta duba rawar da manhaja mai buɗaɗɗen tushe ke takawa wajen tafiyar da aikin bincike da musayar sani tsakanin masu nazarin harshe. Ra'ayin da take kai shi ne, arha ita ce mafi ƙanƙanta daga cikin fa'idojin irin wannan manhaja. Babbar fa'idarta ita ce tana barin aiki a sigar da wani zai iya buɗewa, ya duba, ya ɗora daga inda aka tsaya, ko da mai aikin na farko ba ya nan.

Mece ce manhaja mai buɗaɗɗen tushe?

Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai wadda mai amfani ke gani, wato taga da maɓallai. Akwai kuma rubutun umarnin da masu ƙira suka tsara da wani harshen kwamfuta, wanda daga gare shi ake sarrafo manhajar. Wannan rubutu shi ake nufi da tushe. Kamfanin da ke sayar da manhaja yakan miƙa fuskar ya ɓoye tushen, kamar mai magani da ke ba da ƙullin gari amma ba ya faɗin itacen da ya saro. Wanda ya karɓa zai sha ya ji daɗi, sai dai ba zai iya haɗa irinsa ba, ba kuma zai iya gane abin da ya ɓaci ba in maganin ya daina aiki.

A 1983 Richard Stallman, wanda ke aiki a cibiyar MIT ta Amurka, ya sanar da shirin GNU da nufin samar da manhajojin da tushensu ke hannun kowa. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba mai amfani damar gudanar da manhaja, da nazarin tushenta, da raba ta, da gyara ta ya raba gyararriyar, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya raba gyararriyar zai bar nasa tushen a buɗe shi ma. Linus Torvalds ya fara ƙwayar tsarin Linux a 1991, daga baya ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi. Laƙabin "buɗaɗɗen tushe" kuwa sai a 1998 ya yaɗu, shekarar da kamfanin Netscape ya saki tushen manhajarsa ta shiga intanet.

Akwai wani ɗan batu na ma'ana a nan da ya cancanci tsayawa. Ingilishi kalma ɗaya yake amfani da ita, wato free, ga abin da ba a biya masa kuɗi da kuma abin da ba a ɗaure shi ba, shi ya sa masu wannan tafiya suka daɗe suna fama da bayani. Faransanci ya raba gratuit da libre. Hausa ma ta raba, domin na kyauta daban, ƴantacce daban. Saboda haka fassarar "manhajar kyauta" da akan ji kuskure ce, kuma kuskuren yana da illa. Kwafin sata na manhajar kamfani, irin wanda masu gyaran kwamfuta ke ɗora wa ɗalibai, shi ma kusan kyauta ne, amma babu ƴanci ko ɗaya a cikinsa: ba a san abin da ke ciki ba, ba ya karɓar gyara, kuma ranar da ya kulle babu wanda za a kai wa kuka. Zanen aro ba ya rufe katara, balle na sata.

Darasin baƙaƙe masu ƙugiya

Masu rubutu da Hausa sun ɗanɗani illar rufaffen tsari tun kafin su san sunansa. Kwamfutocin farko ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki zubin haruffa a sake zana wasu baƙaƙen da Hausa ba ta amfani da su, ta yadda in an danna q sai a ga ƙ, in an danna x sai a ga ɗ, in an danna v sai a ga ɓ. A zamaninta dabara ce mai kyau, kuma littattafai da yawa sun fito albarkacinta. Amma a cikin kwamfuta q ɗin tana nan a matsayin q, riga kawai aka sa mata. Da zarar fayil ya bar kwamfutar da ke da wannan zubi sai rigar ta faɗi. Duk wanda ya taɓa sauke maƙalar Hausa daga intanet ya ci karo da "xaya" da "qasa" da "vera" ya ga abin da idonsa. Wannan ma da sauƙi, tunda ana iya mayar da su. Abin da ya fi muni shi ne inda marubuci ya gaji ya zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, har baki da baƙi, ko koko da ƙoƙo, suka zama kalma ɗaya a idon na'ura.

Ma'aunin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya warware wannan ta hanyar ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ ita ce U+0199, ɗ ita ce U+0257, ɓ ita ce U+0253, ƴ kuma U+01B4. Unicode ba manhaja ba ce, yarjejeniya ce da kowa ke iya karantawa ya bi. A kanta ne ƙungiyar SIL ta gina zubin haruffa irin su Charis da Doulos, waɗanda ta saki da buɗaɗɗen lasisi, ita ce kuma ke kula da manhajar Keyman da ke ba mutum damar tsara allon madannai na harshensa.

Nijar tana da misali na kusa a kan abin da ake sha in an zo ceto tsohon aiki. Shirin Soutéba na tallafa wa ilimin tushe, wanda haɗin gwiwar Jamus ya ɗauki nauyinsa, ya samar da ƙamusoshi na Hausa da Kanuri da Tamajak da Zabarmanci zuwa Faransanci domin makarantun firamare. Na Hausa ya fito a 2008 da kalmomi sama da dubu bakwai. An rubuta su ne da manhajar Word da niyyar bugawa a takarda, wato abin da ke nuna cewa wannan kan kalma ne, wancan ajin kalma ne, wancan kuma misali ne, bai wuce kaurin rubutu da karkatarsa ba. Ido yana ganewa, na'ura ba ta ganewa. Shirin DiLAF, wanda Chantal Enguehard ta jami'ar Nantes da Mathieu Mangeot suka jagoranta tare da masana harshe na Nijar da Mali da Burkina Faso, ya ɗauki waɗannan fayiloli ya buɗe su da OpenOffice, ya ajiye su a buɗaɗɗiyar siga wadda cikinta rubutun XML ne, ya mayar da haruffan zuwa Unicode, sannan ya bi kowane sashe na shigarwa ya lanƙaya masa sunansa. Daga nan aka ɗora ƙamusoshin a intanet inda kowa ke iya bincika su. Aiki ne na shekaru, kuma kaso mai yawa na wahalarsa gyaran abin da da an tsara shi tun farko ne da bai taso ba. Yanzu da kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar ƙamusoshi da manhajar gyaran rubutu da littattafan koyarwa za ta ƙaru, kuma duk waɗannan daga tsabtatattun bayanai ake gina su.

Kayan aikin da sigar da suke ajiya

Manhajoji uku ne suka fi shiga hannun mai nazarin harshe, kuma dukansu tushensu a buɗe yake. Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a jami'ar Amstadam tun farkon shekarun 1990, ita ce ta ilimin furuci. Da ita ake ganin hoton sauti, a auna tsawon wasalin da ya raba gari na mutane da gari na tuwo, a kuma bi kaifin murya a ga yadda karin sauti ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. ELAN ta fito daga cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan, aikinta shi ne ɗaure rubutu da murya ko bidiyo daƙiƙa bayan daƙiƙa, a layuka masu hawa hawa. FLEx kuwa ta SIL ce, domin ginin ƙamus da fashin kalma zuwa saiwa da ɗafi.

Abin lura a nan shi ne irin fayil ɗin da kowace ke fitarwa. TextGrid na Praat tsurar rubutu ne da ko ƙaramar manhajar rubutu za ta buɗe. Fayil ɗin ELAN rubutun XML ne. FLEx tana iya fitar da ƙamus a sigar LIFT, ita ma XML. Ko da a ce gobe an daina kula da waɗannan manhajoji, bayanan ba su mutu ba, domin an san yadda aka shirya su. Steven Bird da Gary Simons sun yi dogon bayani a kan wannan a mujallar Language a 2003, inda suka nuna cewa bayanan harshe na zamanin kwamfuta sun fi na takarda saurin salwanta matuƙar an ɗaure su da manhaja ɗaya. Tsohuwar manhajar Toolbox hujja ce ta wani gefen. Tushenta ba a buɗe yake ba, amma da yake tana ajiya da tsurar rubutu, ƙamusoshin da aka yi da ita shekaru da dama har yanzu ana shigar da su FLEx. Wato in za a zaɓi ɗaya tsakanin buɗaɗɗiyar manhaja da buɗaɗɗiyar siga, sigar ce ta fi muhimmanci. Abin da buɗaɗɗiyar manhaja ke yi shi ne ta tabbatar sigar ba za ta taɓa zama asiri ba.

Haka batun yake ga murya. Saƙon murya na WhatsApp matsattse ne, an zubar da wani ɓangare na sautin domin ya yi sauƙin aikawa. Ya isa a fahimci magana, amma ba shi ne ya dace da awon furuci ba. Naɗiya a sigar WAV ta fi, sai dai tana da nauyi: awa ɗaya a ma'aunin 44,100 a daƙiƙa da bit 16, da makirufo ɗaya, ta kai kusan megabayit 318. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya fita aikin fili, wurin ajiya zai ƙare masa a rana ta uku.

Aikin mutum huɗu

A ɗauka ɗalibai huɗu sun haɗu za su kwatanta karin harshe: ɗaya zai naɗo Adaranci a yankin Tawa, ɗaya Gobiranci a Tibiri, ɗaya Damagaranci, na huɗun yana Yamai yana zuwa Dogon Dutsi domin Arewanci. Sun yarda da jerin kalmomi ɗari biyar da tatsuniyoyi biyar biyar. Dukansu sun sauke ELAN da FLEx. Bayan wata huɗu suka haɗa abin da suka samo, sai ga shi ba ya haɗuwa.

Na farko ya rubuta abin da ya ji, "hwari" da "hita". Na biyu ya ji irin wannan furuci amma ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa, "fari" da "fita", don haka ainihin bambancin da aka fita nema ya goge shi da hannunsa. Na uku yana nuna dogon wasali da ninka harafi, na huɗu da ɗan layi a kansa. Ɗaya yana rubuta ƴ kamar yadda ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 ta tanada, ɗaya kuma ya saba da 'y ta littattafan Najeriya, kuma ita kanta alamar da ke gaban y ɗin iri uku ce a fayilolinsa, gwargwadon inda ya bugo ta. Akwai ma wani tarko da ido ba ya gani: wasali mai alamar faɗaɗɗen sauti, kamar à, ana iya ajiye shi a matsayin harafi ɗaya ko a matsayin a da alama a bayanta. A allo kamarsu ɗaya, amma bincike zai iya kawo ɗaya ya tsallake ɗaya. Babu laifin manhaja a duk wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa sun tafi da gorar da ba a fafe ba.

Abin da ya kamata ya rigayi naɗiyar farko shi ne takarda ɗaya, shafi biyu ko uku, da kowa ya sa hannu a kanta. Ta faɗi cewa a ELAN za a yi layi ɗaya na furuci kamar yadda aka ji, layi na biyu na daidaitaccen rubutu, na uku na fashin kalma, na huɗu na fassara, kuma sunayen layukan iri ɗaya ne ga kowa. Ta faɗi yadda za a nuna karin sauti da tsawon wasali, da allon madannan da za a yi amfani da shi. Ta faɗi yadda za a sa wa fayil suna: shekara, wata, rana, gari, lambar mai magana, sai irin maganar, domin su jeru da kansu. Lamba ake sawa a madadin sunan mutum, sunan kuwa yana cikin wani jadawali na daban da ba ya yawo. Wani abin dariya shi ne, bayan duk gwagwarmayar da aka yi domin baƙaƙe masu ƙugiya, gara kada a sa su cikin sunan fayil, domin wasu tsofaffin na'urori har yanzu suna tuntuɓe da su.

Sai matsalar gyare-gyare. Kowane ɗalibi ya san jakar da ke ɗauke da "kundi na ƙarshe", da "kundi na ƙarshe gyararre", da "kundi na ƙarshe na gaske". Ga mutum ɗaya abin haushi ne kawai, ga mutum huɗu kuwa asara ce, domin wani zai gyara tsohon kwafi ya aika, aikin mako guda na abokinsa ya bi ruwa. Masu ƙirar manhaja sun daɗe da magance wannan. A 2005, da aka janye izinin amfani kyauta da BitKeeper, rufaffiyar manhajar da masu aikin Linux ke dogaro da ita, Torvalds ya zauna ya rubuta Git cikin ƴan makonni. Git tana riƙe tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, wane layi ya taɓa, da dalilin da ya rubuta. In mutum biyu sun gyara wurare daban daban na fayil ɗaya sai ta haɗa su, in kuma layi ɗaya suka taɓa sai ta tsaya ta nuna musu su sasanta. Abin da ya fi dacewa da yanayin Nijar shi ne kowa yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa, yana aiki ba tare da intanet ba, sai lokacin musaya kawai, ita ma ana iya yin ta da ƴar ma'ajiyar USB.

Gaskiya ita ce Git tana da wuyar koyo, kuma ba kowane abu take so ba. Tsurar rubutu ne abincinta. Fayil ɗin murya ko na Word za ta ajiye shi, amma ba za ta iya nuna layin da ya canza ba, kuma ma'ajiyar za ta kumbura. Ya isa a ce mutum ɗaya cikin huɗun ya iya ta sosai, sauran su koyi umarni huɗu ko biyar. Game da ƙamus ma ba sai an je ga wannan ba, domin FLEx tana da nata tsarin aikawa da karɓa wanda ke yin irin wannan aiki a ɓoye, ta intanet ko ta USB, har ɗalibin Damagaram ya iya ba direban mota ma'ajiya a ambulan ta isa Maraɗi. Ya kamata kuma a bambance Git da GitHub. Na biyun shafi ne na kamfani, Microsoft ta saye shi a 2018, kuma shi kansa ba buɗaɗɗe ba ne. Yana da amfani, amma masauki ne.

Manhajojin rabon aiki irin su Redmine da Kanboard suna nan, suna nuna abin da ke jira, da wanda ake kai, da wanda aka gama. Ga sashe mai ayyuka da yawa suna da rana. Ga mutum huɗu, jadawali ɗaya a LibreOffice ya wadatar, in dai kowane aiki yana da suna ɗaya a gabansa da rana ɗaya, domin aikin da aka rubuta "kowa" a gabansa ba mai yin sa. Abin da ya fi cancanta a ara daga masu buɗaɗɗiyar manhaja ɗabi'a ce: kowace shawara ana rubuta ta a wurin da wanda zai zo daga baya zai gani, tare da dalilinta. In an yanke cewa "hw" za a ɗauke ta baƙi ɗaya, a rubuta ranar da hujjar. Shawarar da aka yanke cikin saƙon murya da tsakar dare, bayan wata biyu kowa zai tuna ta yadda ta yi masa daɗi. Haka nan littattafan da aka karanta, rukuni ɗaya a Zotero zai hana mutum huɗu su buga bayanin nahawun Newman na 2000 ko aikin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar sau huɗu da kuskure iri huɗu.

Ba a ce hanyar ba ta da ƙaya ba. Yawancin littattafan koyon waɗannan manhajoji da Ingilishi suke, wanda nauyi ne ga ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci, kodayake ELAN da FLEx suna da fuskar Faransanci. FLEx tana wahalar da tsohuwar kwamfuta. Babu ofishin da za a buga wa waya in abu ya ƙi, sai zauren masu amfani, inda amsa kan zo gobe ko ta ƙi zuwa. Wasu ayyukan ma sukan mutu in masu su sun gaji. Sai dai a nan ma buɗaɗɗen tushe yana da mafita: da Oracle ta sayi kamfanin Sun, masu aikin OpenOffice da ba su gamsu ba suka ɗauki tushen suka ci gaba da shi a 2010 da sunan LibreOffice, kuma fayilolin mutane ba su ji a jikinsu ba.

Buɗe manhaja daban, buɗe muryar mutane daban

Akwai kuskuren da sabon shiga kan yi don zumuɗi, ya ɗauka tunda kayan aikinsa a buɗe suke, to duk abin da ya naɗo ma a zuba shi a intanet. Wanda ya rubuta manhaja ya saki tushenta, nasa ya bayar. Muryar matar da ta rera waƙar daka tana habaici ga kishiyarta ba ta ɗalibin ba ce. Haka sirrin mai magani, ko kirarin da ba a yi sai a gaban masu shi, ko hirar da aka ambaci rikicin gona da sunayen mutane. Mai magana ya yarda ne a naɗa "domin karatu", kuma abin da ya fahimta da wannan bai haɗa da a ji shi a wayar surukinsa ba. Lasisin Creative Commons ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa, don haka abin da aka saki ya saku. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda Hausa ke cikinsa, yana sakin muryoyi ga kowa, har kamfani yana iya gina hajarsa a kansu, amma masu ba da muryar sun san haka tun kafin su karanta jimlar farko. Wannan shi ne bambancin.

Saboda haka neman izini yana cikin tsarin aiki tun ranar farko. A yi shi da harshen mai magana, a naɗe shi a farkon fayil in ba ya karatu, a kuma rarrabe masa: malamai kaɗai za su ji, ko duk masu bincike, ko kowa da kowa; da sunansa ko ba da sunansa ba. Manyan taskokin adana harsuna irin su ELAR suna da matakan shiga daban daban saboda wannan dalili. Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma murya tana nuna mai ita ko da an cire suna. A jakar aiki, abin da aka yarda a saki da abin da ba a yarda ba kada su kwana wuri ɗaya.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Duk abin da aka faɗa yana iya tafiya daidai, aikin kuma ya salwanta, in ma'ajiyar tana ƙarƙashin adireshin ɗalibin da ya gama ya tafi. Ɗalibi baƙo ne a jami'a, sashe ne ɗan gida. Abin da sashe ke buƙata bai kai tsadar da ake zato ba: faifan ajiya biyu, a ɗakuna biyu da ba gini ɗaya ba saboda gobara da ɓarawo, a rufe su daga ƙura da zafin watan Afrilu, da malami ɗaya da aka ɗora wa alhakin kunna su yana dubawa lokaci lokaci, domin faifai yakan mutu shiru. Inda akwai wutar lantarki tsayayya ana iya ɗora Nextcloud a kan kwamfuta ɗaya ta zama ma'ajiyar kowa, amma wannan mataki na biyu ne.

Mataki na farko ƙa'ida ce: a miƙa jakar bayanai tare da kundi. Cikinta akwai muryoyin a sigar WAV, da fayilolin ELAN ko Praat, da jadawalin da ke faɗin gari da rana da shekarun mai magana da karin harshensa, da shaidar izini, da takarda ɗaya ta tsurar rubutu a bakin jakar mai bayyana yadda aka shirya komai. Kowane misali a cikin kundin ya zo da sunan fayil da minti da daƙiƙar da aka faɗe shi. Gwajin karɓa kuwa mai sauƙi ne. A ba wani ɗalibin da bai san aikin ba jakar, a ce ya nemo misali na 47 na babi na uku ya saurare shi daga bakin mai maganar. In ya samo ba tare da ya buga wa kowa waya ba, a karɓa. In ya kasa, a mayar wa mai ita ya gyara kafin a sa masa ranar kare kundi.